Bahagon Birnin Tagulla Ya Sauko Ɗakin Ƙasa

Lahadi, 9 ga Nuwamba 1986, bayan coci

Akwai labarin da na taɓa ji a jirgin Kafanchan zuwa Jos, tun ina saurayi ina duba tikiti. Wani mai zuba gawayi ne ya ba ni. Wai ɗan wani babban mutum ne ya sauko da takobin kakansa daga bango, ya miƙa wa yaron gidansu karan dawa, ya ce su gwada. Yaron ya tashi da yatsu tara. Wai iyayen suka riƙe shi a gidan, ci da sha da sutura, don kada maganar ta fita. Ban yarda ba. Masu zuba gawayi zafi yana dafa musu kai, wannan ɗin ma ya taɓa rantse mini ya ga kura tana jiran jirgi a tasha. Ban sake tuna labarin ba sai jiya, kuma ban so na tuna ba.

Bari in tsara abin, ko zan ga inda ya karkace. 'Yata Selina ce ta ɗauko ni daga gida don a cire mini yanar ido, ina zaune wurinta da mijinta Jerome a College Park, nan Amurka. Ran Asabar mutanenmu sukan taru a ɗakin ƙasa na gidan, nas-nas da ɗalibai da masu tasi, a ci abin da suke kira tuwo. Da sanyi ya shigo, rana ta fara faɗuwa kafin mutum ya gama shayin la'asar, sai Ɗanliti mai tasi ya ce, "Baba Katung, a garin nan duhu da wuri yake zuwa, ba ka da hujja. A ba mu tatsuniya."

Na ba su, amma irin ta kakata. Ita ba ta tatsuniya ita kaɗai. A kashe fitila, ta fara, in ta kai mararraba sai ta tsaya ta yi tambaya. Wanda ya riga amsawa daga cikin duhu, maganarsa ta shiga ke nan, ba a cirewa ko da shirme ce. Mai bayarwa ya ɗauka ya yi gaba da ita.

Na gina musu Birnin Tagulla, ƙasar da take da wata biyu a sama, kogin cikinta yana gudu yana hawa dutse. A can, in kana son kujerar mutum, toka za ka zuba a ƙofarsa, ku haɗu da takubba a kan Gadar Gishiri. Na kawo Jarman birnin, ɗan manya, wanda ya ci kujeru ta wannan hanya har ya daina ƙirga su, bai ƙoshi ba. Makon farko na tambaya, da wane hannu yake riƙe takobi? Aka ce, "Hagu." Ya zama Bahago. Jiya na tambaya, in ya kayar da mutum me yake masa? Na zaci za a ce ya kashe shi. Sai wata murya can baya ta ce, "Ya cire masa babban yatsa, ya mai da shi mai ɗaukar masa takobi."

Na ji wani ya hau bene. Da aka kunna fitila, kujerar Chuwang ce babu kowa.

Litinin, 10 ga wata, da hantsi

Chuwang mutumin Jos ne, dattijo, direban Alhaji Maitama. Hannunsa na dama kullum yana aljihun kwat. Na ɗauka sanyi ne.

Alhaji Maitama shi ne mai kamfanin aika kaya a Alexandria, wani gari nan kusa da mu, inda Jerome yake aiki. Takardar zaman Jerome a ƙasar nan a jikin aikin take rataye. Selina kuwa cikinta ya tsufa. Na rubuta waɗannan abubuwa a jere don in riƙa ganinsu a jere.

Laraba, 12 ga wata, da yamma

Ɗanliti ya kai ni ganin likita. Muna shiga mota ya danna kaset, sai ga muryata tana cewa ga ta nan ga ta nanku. Ashe ɗan banzan yana ɗauka da rakoda a ƙarƙashin kujera.

"Wa ya ba ka izini?"

"Baba, ai ka yi suna. Kaset ɗin ya kai Baltimore. Jiya wani fasinja ɗan Nijar ya ƙi sauka sai da Bahago ya gama zuba toka."

"Ɗanliti, kai ne ka ce yatsa?"

Ya yi dariya har ya kusa taka jar wuta. "Ni? In na yi magana a duhu ko kurma zai gane ni. Amma dai wanda ya faɗa, Allah ya yi masa albarka."

Ban tambaye shi dalili ba. Shi ma bai jira in tambaya ba, ya ƙara ƙarar kaset.

Alhamis, da safe

Jerome bai karya tare da ni ba. Yau ma.

Asabar, 15 ga wata, bayan mutane sun watse

Na yi dabara, dabarar ta ci ni. Na ce yau ba zan yi tambayar da za ta yi wa kowa ciwo ba. Na kai Bahago ƙofar fadar Sarauniya, buhun toka a kafaɗar wani mai yatsu tara, domin yanzu kujerar Sarauniyar yake so. Sai na tambaya, a kan me ya hau ya zo? Doki ko raƙumi, me zai ɓaci?

Wata murya ta ce, "Baƙar giwa mai ƙofa huɗu."

Ɗakin ya kece. Wani har ya shaƙe da ruwa. Ni kuwa doka doka ce, na ɗauki giwa mai ƙofa huɗu na yi gaba da ita, har na sa mata hita a ciki. Sai bayan da na hau sama Selina ta gaya mini, ba tare da ta kalle ni ba, irin motar da Alhaji yake shiga, da kuma cewa a watan gobe za a zaɓi shugaban ƙungiyar mutanenmu, shi kaɗai ya rage a takara. Sauran duk sun janye ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne, muryar yau ta mace ce. Ta makon jiya ta namiji ce, mai kauri. Ta farko kuma wata daban. Da ina neman mutum ɗaya. Yanzu ban san nawa nake nema ba.

Na zaci ni nake ba su tatsuniya.

Talata, 18 ga wata, da azahar

Chuwang ya zo da saƙo. Kwat sabo fil, mai nauyi, irin wanda ban taɓa sawa ba, Alhaji ya ce a ba Baba saboda sanyi. Dole ya fito da hannu biyu don ya miƙo mini. Idona ba shi da kyau, amma ba haka ya lalace ba.

Na ce, "Ɗan'uwa, shigo ka sha shayi."

"Mota tana jira, Baba."

"Ran nan ka tashi ba sallama."

"Fitsari ne ya matsa mini." Ya ga inda nake kallo, ya mayar da hannun aljihu. "Fankar mota ce. Tun ina yaro."

"Shekara nawa kana tare da Alhaji?"

"Tare muka tashi." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Baba, wannan mai ɗaukar tokar. Yana da suna?"

Na ce ban ba shi ba tukuna. Ya ce, "Gara haka," ya tafi.

Kwat ɗin yana rataye a bayan ƙofa. Daidai da ni yake, har tsawon hannu. Wa ya ba shi awona?

Juma'a, da yamma

Na lura in na shigo falo Jerome da Selina sukan koma Turanci. Sun manta da Turanci na ci abinci a reluwe.

Asabar, 22 ga wata

Mutane sun yi yawa har a kan matakala. Fuskokin da ban sani ba. Wani ya zauna kusa da ƙafata bai yi dariya ko sau ɗaya ba, bai kuma ci abinci ba. Na ja labarin ta jeji, na sa Bahago farautar dodon gishiri, ban yi tambaya ba har na rufe. Aka yi ta gunaguni. Ɗanliti ya ce, "Baba, yau ka ba mu shayi ba sukari." Chuwang bai zo ba.

Alhamis, 27 ga wata, ranar da Amurkawa suke bikin cin talo-talo

Alhaji ya gayyace mu gidansa. Can sama yake, a ɗaya daga dogayen benayen nan na Alexandria, ta taga mutane kamar tururuwa. Mutum ne mai fara'a, wannan sai in faɗa. Ya tare ni a ƙofa da hannu biyu, "Malam Katung, babban baƙo, sarkin labari!" Ya yaba kwat ɗin a jikina kamar bai taɓa ganinsa ba.

Ya gaisa da dama. Ya ci da dama. Da aka kawo talo-talo aka ba shi wuƙa, sai wuƙar ta koma hagu ita da kanta. Ban taɓa ganin an fede tsuntsu da irin wannan tsabta ba. Ya ɗora wa Jerome cinya a faranti, ya ce, "Ci, yarona, mai iyali sai da ƙarfi. Wata nawa ya rage wa madam?" Jerome ya ce biyu, ranka ya daɗe. Alhaji ya ce, "Wata biyu. Kamar na Birnin Tagulla." Shi kaɗai ya yi dariya.

Da za mu tafi ya ce yara su yi gaba a motarsu, shi zai raka Baba. Muka zauna a baya, Chuwang yana tuƙi. A hanya ya ce shi ma yana da labari, in saurara in gaya masa ko ya iya bayarwa.

Ya bayar. Ba zan rubuta ba.

Chuwang bai taka birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba.

Juma'a, da safe

Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 30 ga wata, bayan coci

Jiya na ce maƙogwarona yana ciwo, ba a yi ba. Yau Jerome ya same ni a ɗaki, ya durƙusa kamar ranar da ya zo neman Selina.

"Baba, Alhaji ya ce a gama labarin."

"Na zaci cewa zai yi a bari."

"Ya ce in an bari, mutane za su ce shi ya hana. A gama. Zai zo da kansa ya ji ƙarshen." Ya gyara durƙuso. "Ya ce Baba mutum ne mai hankali, ya san irin ƙarshen da yake yi wa kowa daɗi."

"Kai fa, wane iri kake so?"

Ya daɗe yana kallon kafet. "Baba, ni takardata tana cikin durowarsa."

Selina tana bakin ƙofa da kwandon wanki a kan cikinta. Ta ce, "Baba, ka ba shi abin da yake so mana. Tatsuniya ce fa." Amma muryar da ta faɗa da ita, na san na taɓa jin irinta a duhu, tana maganar giwa. Ko kuwa kunnena ne ya fara bin idona. Ban tambaye ta ba.

Talata, 2 ga Disamba

Waya ta yi ƙara sau uku yau. In na ɗauka, sai numfashi.

Alhamis, 4 ga wata, da la'asar

Na kwana ina juya abin, na wuni ina juya shi. In na kashe Bahago a kan gada, na kashe aikin Jerome, jikana ya zo duniya ubansa yana haɗa akwati. In na naɗa shi sarki na rufe baki, mutanen da suka yi wata guda suna jefo mini abin da ba su iya faɗa da rana za su san tsohon nan kwat aka saye shi da shi. Na ɗauki kwat ɗin na sa a ƙarƙashin gado. Na fito da shi, sanyi ba ruwansa da mutuncina.

Kakata ba ta taɓa zaɓar ƙarshe ba. Tambaya take yi. Ban san ko hikima ce ko wayon tsere wa laifi ba.

Asabar, 6 ga wata

Maƙogwaro.

Laraba, 10 ga wata, da yamma

Ɗanliti ya ce maƙogwaron nan nawa ya san kwanan wata. Na ce ya bar rakodarsa a gida ran Asabar. Ya ce to. Ƙarya yake.

Ya ce kuma, yana kallon hanya, "Baba, akwai ɗaki a gidana da ba kowa. Na gaya wa wani." Ban tambayi wane ne ba. A 'yan kwanakin nan na ƙware a rashin tambaya, ni da sana'ata tambaya ce.

Lahadi, 14 ga wata, ban je coci ba

Ya zo. Tun kafin duhu baƙar giwar ta tsaya a ƙofar gida. Aka ba shi kujerar gaba, Chuwang ya tsaya a bayansa riƙe da kwat ɗinsa. Jerome ya kai hannu zai kashe fitila, Alhaji ya ce, "Bar ta, yarona. Ni tsoho ne, ina son ganin fuskar mutane."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi da haske."

"Yau a yi."

Aka yi. Na kai Bahago fada. Ya zube toka a ƙofar Sarauniya, aka fito Gadar Gishiri, wata biyu suna sama, kogi yana hawa dutse a ƙarƙashinsu. Sarauniya ta duba dama da hagu, babu jarumin da ya rage mata da zai iya riƙe takobi. Na ja abin iyakar yadda zan iya, har na ƙare da hanya. Na tsaya. Na tambaya, to, yaya Bahago ya ƙare?

Mutanen da suke rige-rigen magana a duhu, kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Alhaji ya duba su ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Sannan ya ce, "Ya zama sarki."

Doka doka ce. Na ce, ya zama sarki. Na ji numfashin Jerome ya sauka. Da na rufe a nan, da yanzu ina coci.

Amma mai bayarwa aikinsa ya yi gaba da abin da aka ba shi, kuma bakina ya riga hankalina. Na ce aka kai Bahago kan karaga. A Birnin Tagulla hular sarauta da igiya ake ɗaure ta a ƙarƙashin haɓa, kuma ba sarki ne yake ɗaura wa kansa ba. Aka kira Waziri, ya kama igiya, ta zame. Aka kira Sarkin Ƙofa, ta zame. Aka kira makaɗa su buga tambari kafin a samo wani, ba mai iya riƙe gula. Duk wanda ya isa a kira a birnin, Bahago ya taɓa haɗuwa da shi a kan gada. Ya zauna, hula tana karkacewa a kansa, yana tare ta da hagu. Sai ya waiwaya wurin mai ɗaukar masa takobi, wanda suka tashi tare, ya ce, kai, zo ka gwada ko da haƙori ne.

Ban yi niyyar tambaya ba. Ta fito. Na ce, sai mai ɗaukar takobin ya yi me?

Alhaji ya buɗe baki, ina gani, amma an riga shi. Chuwang ya ninke kwat ɗin da yake riƙe da shi, ya ɗora a bayan kujera. Ya fito da hannun dama daga aljihu, makullin mota a tsakanin yatsu biyu, ya ajiye a kan tebur kusa da kofina. Ya ce, "Sai da safe, Baba." Ya hau bene. Ɗanliti ya tashi ya bi shi, ya manta rakodar tana juyawa a ƙarƙashin kujera.

Na ce, maganarsa ta shiga. Na rufe tatsuniya.

Alhaji ya yi tafi, shi kaɗai, a hankali. Ya ɗauki makullin, ya juya shi a hannu. Ashe bai san hanyar gidansa daga nan ba. Jerome ne ya kai shi.

Litinin, 15 ga wata, da azahar

Jerome ya dawo daga aiki tun rana tana tsaka, da kwalin kayan ofishinsa a hannu. Kofinsa, hoton bikinsu, 'yar fanka. Selina ta karɓa ta ajiye a kicin, ta shiga ɗaki ta rufe. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Baba, ni ne na ce hagu."

"Kai?"

"Na gaji ne ranar. Ban san zai kai haka ba." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ko kuma na sani."

Ya ce gobe zai ga lauya, wataƙila ta wajen asibitin da Selina take aiki a sami hanya, wataƙila ba a samu ba. Na tambaye shi wanda ya ce yatsa. Ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, iyakar yadda nake yarda da kowa a yanzu.

Laraba, 17 ga wata, da safe, kafin a kai ni aikin ido

Selina ta fito jiya, ta gyara mini wuyan riga. Ba ta yafe ba, ba ta kuma ƙi ba. An ɗage zaɓen ƙungiya, ba a faɗi dalili ba. Ɗanliti ya ce baƙonsa Chuwang yana barci har hantsi kamar jariri, in ya tashi sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a aike shi. Wayar ba ta sake ƙara ba. Wannan ya fi damuna.

In aikin ya yi kyau, gobe zan ga fuskokinsu sarai, in san da wa nake zaune. Kafin nan bari in rubuta abin da na ƙi rubutawa, ko da rabi.

Labarin nan na mai zuba gawayi, na ce ban yarda ba. Shekara kusan arba'in ke nan. An sake ba ni shi kwanan nan, daga farko har ƙarshe, da gyara guda biyu. Wai ba karan dawa aka ba yaron ba, muciya ce. Wai kuma ba tsautsayi ba ne, an auna. Mai ba ni ya yi dariya a wurin muciyar, ya taɓa kafaɗar direba ya ce, "Ko ba haka aka yi ba?" Direban ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

A kujerar bayan baƙar mota aka ba ni shi, ranar talo-talo. Alhaji Maitama ne ya gaya mini, da bakinsa.